Hasken Ƙarfe Biyu

Ranar Talata suka ɗaure takarda jikin falwaya,
cikin leda, kada ruwan Leeds ya cinye ta.
Na tsaya da jakar cefane ina ƙanƙance ido,
tabarau na gida, yayyafi na bin wuyana:
bene hawa bakwai, gidaje tamanin da huɗu,
a filin tsohon garejin Tadeusz
da ɗan lambun da ke bayansa.
Mai ƙorafi yana da kwana ashirin da ɗaya.

Ni aikin dare nake yi, ina juya tsofaffi a gadajensu,
in dawo da asuba in kwanta sai azahar.
Ƙarfe biyu rana ke zuwa tagata.
Ta saman rufin garejin take haurowa,
ta zauna bakin darduma kamar baƙuwa mai kunya,
ta ɗumama tattasaina da ke cikin gwangwanin madara,
kafin huɗu ta yi sallama.
Shekara goma sha tara muna haka.
Ban taɓa biyan ta ko sisi ba,
shi ya sa ba ni da rasit ɗin nunawa.

Desmond mai lambun ya haura saba'in.
Alayyahu yake shukawa, ya kira shi da sunan garinsu,
in kira shi da namu, mu yi musu, ya cika mini leda.
Da ya karanta takardar bai tanka ba,
ya koma ya durƙusa yana cirar ciyawa.
Can ya ce, kabewa dai ba ta iya karatu ba,
sai ta nuna a kan lokacinta.

An kira taro a zauren coci, da shayi mai sanyi.
Suka zo da ginin a cikin akwatin gilashi,
ɗan ƙarami, zan iya ɗaukarsa a ka.
Ga mutanen roba farare tas suna yawo a gindinsa,
ba mai tura keken jariri, ba mai ɗingishi.
Na leƙa ina neman gidana.
Ga shi can, wani dunƙulen katako mara taga.
Saurayin kamfani ya ce inuwar ba ta wuce ƙa'ida ba.
Na ce, ɗana, a wane ɗaki ka auna ta?

Shofiq mai kanti yana lissafin burodi da madara,
baki tamanin da huɗu, ya yi murmushi ya ɓoye.
Wata ta miƙe kan wurin ajiye mota,
wani ya ce haya za ta tashi ta kwashe mu kamar shara.
Aka yi ta tafi, ni ma na tafa.

Sai na ga hannu a layin baya, na san zoben.
Ladidi ce, 'yata.
Shekara shida sunanta na kwance a jerin ƙaramar hukuma,
ita da yara biyu a ɗaki ɗaya, saman shagon soya kifi,
bango ya yi baƙi, Mudi yana tari tun watan azumi.
Ta ce, cikin tamanin da huɗun, nawa ne namu?
Aka duba takarda. Goma sha bakwai.
Ta ce, to ku gina. Ba ta dube ni ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma ɗakin biyu ne, kuma duk ni na share su.

Sun ba mu fom mai gurbi biyu:
na yarda, ban yarda ba.
Yana kan firji, ƙarƙashin kwanon goro,
saura kwana huɗu.
Jiya Mudi ya zo ya kwanta daidai inda ranar ke sauka,
ya yi barci, ƙirjinsa na kuka a hankali.
Na zauna da biro a hannu ina kallon su biyun
har hasken ya janye daga ƙafarsa,
ya hau bango,
ya fita.